Shekara Ɗari Ma Ba Ta Isa Ba

A ranar 9 ga Janairun 2025 aka yi taron ban kwana da gawar Jimmy Carter, shugaban Amurka na 39, a babbar majami'ar birnin Washington. Duk wanda ya taɓa hawa kujerar mulkin ƙasar kuma yana da sauran numfashi ya halarta: Biden, Trump, Obama, Bush da Clinton. Cikin jawaban da aka karanta a ranar akwai guda biyu da masu su ba su samu zuwa ba. Ɗaya na Gerald Ford ne, mutumin da Carter ya kayar a zaɓen 1976, wanda daga baya suka ƙulla aminci har suka yi wa juna alkawarin jawabin jana'iza. Ford ya rasu a Disamban 2006, Carter ya je ya cika nasa alkawarin. Ashe shi ma Ford ya bar nasa a rubuce, sai bayan shekara 18 ɗansa ya miƙe ya karanta. Na biyun kuwa Walter Mondale ne ya rubuta shi, mataimakin Carter a lokacin mulki, sa'ad da kowa ke ganin maigidan nasa ya kusa tafiya. Mondale ƙanin bayan Carter ne a shekaru, amma shi ya riga shi kwanta dama, a 2021. Shi ma ɗansa ne ya karanta.

Mondale ya zauna ya tsara abin da zai faɗa da bakinsa ranar mutuwar wani, sai ga shi an binne shi wancan yana nan da ransa. Wannan kaɗai ya isa mai hankali ya yi shiru na ɗan lokaci.

Na san wani zai ce, ina ruwanmu da Baturen da ya mutu a ƙasarsu, ga namu muna kaiwa makwanci safe da yamma? Gaskiya ne addininsa ba shi ne na mafi yawanmu ba, kuma makomar kowa tana hannun Wanda ya halicce shi, ba hurumina ba ne in tsoma baki a can. Amma mutuwa wa'azi ce ko a gidan wa ta sauka. Ban da haka ma, mutumin nan ba baƙo ba ne gare mu. A ƙauyukan Najeriya da Nijar da Gana akwai dubban ɗaruruwan manoma da ke fita gona da damina ba sa jan ƙafa, kuma aikinsa na cikin dalilan hakan. Abin da ya fi ja hankalina gare shi shi ne, an ba shi abin da da wuya a ba ɗayanmu. An haife shi ranar 1 ga Oktoban 1924, ya rasu ranar 29 ga Disamban 2024, shekara 100 da 'yan watanni, kuma babu shugaban Amurka da ya taɓa kai haka. Duk da wannan tsawon rai, ya tafi ya bar aikin da ya fi ƙwallafa ransa a kai bai ƙare ba.

Da aikin soja ya fara. Ya fito daga makarantar hafsoshin sojan ruwa ta Annapolis a 1946, a shekarar kuma ya auri Rosalynn Smith, ƙawar ƙanwarsa, 'yar garinsu Plains a jihar Jojiya. Ya yi aiki a jiragen yaƙi masu nutso ƙarƙashin teku, har aka zaɓe shi cikin samarin da ake horarwa don sababbin jiragen da makamashin nukiliya zai riƙa tuƙawa. A Disamban 1952 wani injin gwajin nukiliya a Chalk River, ƙasar Kanada, ya yi haɗari, wani sashe na cikinsa ya narke. Carter, yana ɗan shekara 28, na cikin waɗanda aka tura su kwance shi. Gubar wurin ta kai ƙarfin da ba a barin mutum ya wuce daƙiƙa 90 a ciki. Sai suka haɗa kwatankwacin injin a waje, suka yi ta gwada hannu, kowa ya haddace notin da zai kwance da inda zai sa ƙafa. In layi ya zo kanka a sauke ka, ka ruga, ka kwance naka, ka fito, na bayanka ya shiga ya ɗora daga inda ka tsaya. Ba wanda aka bari ya ƙara ko daƙiƙa ɗaya don yana ganin saura kaɗan ya gama. A ganina, wanda ya taɓa aiki da agogo a kansa irin haka, da wuya ya sake ɗaukar lokaci abin wasa.

Wata bakwai bayan nan, a Yulin 1953, mahaifinsa ya kwanta ciwon ajali. Carter ya ɗauki hutu ya koma Plains ya zauna a bakin gadonsa. Shi da kansa ya sha ba da labarin abin da ya gani a kwanakin nan: mutane na ta sallama, farare da baƙaƙe, a zamanin da dokar kudancin Amurka ta raba su hatta a wurin shan ruwa, kowa da abin da dattijon ya taɓa yi masa a ɓoye, wannan an ɗaga masa ƙafa a bashi, wancan an rufa wa iyalinsa asiri a lokacin ƙunci. Dattijon ba waliyyi ba ne, domin yana cikin masu goyon bayan wariyar launin fata ta zamaninsa. Amma ɗan ya dubi wannan cincirindo, ya auna da tasa rayuwar ta hafsa mai tasowa, ya ga cewa wannan manomin ƙauye ya fi shi amfani ga mutane. Kafin shekarar ta fita ya ajiye kaki yana laftanar, ya kwashi iyali ya koma gida noman gyaɗa da sayar da iri. Matarsa ba ta so ba ko kaɗan, ta saba da rayuwar birane, kuma ta nuna masa fushinta. Sun yi kusan shekara a gidajen da gwamnati ke ba marasa ƙarfi haya, shekarar farko kuma fari ya cinye amfanin gona. Cikin wannan hali ya shiga hukumar makarantun yankinsu, da aka kuma matsa masa ya shiga ƙungiyar fararen fata masu adawa da haɗa 'ya'yansu da na baƙaƙe a aji ɗaya, ya ƙi, har wasu suka ƙaurace wa cinikinsa.

A nan nake so mu ɗan tsaya. Wane mako ne ke wucewa ba mu je ta'aziyya ba? Mu tuɓe takalmi, mu zauna a tabarma, a shafa fatiha, mu ce Allah ya ba da haƙuri, Allah ya sa mu cika da imani. Mu ji ana lissafa alherin mamaci, wani ya ce shi ya biya masa kuɗin jarrabawa, wani ya ce shi ke cika masa buhu duk azumi ba wanda ya sani. Mu girgiza kai, mu ce Allahu akbar. Kafin mu kai bakin titi waya ta yi ƙara, mun koma kan cinikin da muka bari. Nawa ne cikinmu suka taɓa tashi daga zaman makoki suka sauya ko da abu ɗaya a tsarin rayuwarsu? Saurayin nan mutuwa ɗaya ya gani kusa da kusa, ta juya masa akala gaba ɗaya.

Kuma mutuwa ba ta daina leƙo gidansu ba. Mahaifin ya tafi yana da shekara 58, da wani ciwon daji mai kama cikin ciki wanda ba ya jinkiri. Irin ciwon nan ne ya ɗauke ƙanwarsa Ruth a 1983 tana da 54, ya ɗauke ƙaninsa Billy a 1988 yana da 51, ya ɗauke ɗaya ƙanwar, Gloria, a 1990 tana da 63. Shi ne babba, shi ya binne ƙannensa duka uku. Mutumin da jininsa ke tafiya haka ba shi da dalilin sa ran zai ga 70, balle 100. Ke nan duk abin da ya yi, bai yi shi da tunanin akwai sauran lokaci mai yawa ba. Mahaifiyarsu Lillian ce kaɗai ta daɗe, ta kai 85. Ma'aikaciyar jinya ce, kuma tana da shekara 68 ta tattara ta tafi Indiya aikin sa-kai, lokacin da tsararrakinta ke zaune ana kawo musu jikoki.

Mulki kuwa ba zan daɗe a kansa ba. Ya yi gwamnan Jojiya daga 1971 zuwa 1975, ya yi shugaban ƙasa daga 1977 zuwa 1981. Shi ya zaunar da Masar da Isra'ila a Camp David a 1978, a shekarar kuma ya zo Legas wurin Obasanjo. Yana da nasa tabon: gwamnatinsa ta ci gaba da sayar wa Indonesiya makamai alhali ana zubar da jini a Timor ta Gabas, kuma alherin da ya yi daga baya ba ya shafe wannan daga tarihi. Iran ta tsare Amurkawa 52 har kwana 444, yunƙurin ceto su a Afrilun 1980 ya ci ran sojoji takwas ba a kai ko'ina ba, tsadar rayuwa ta hasala jama'a, Ronald Reagan ya yi masa kayen da jihohi shida kawai ya tsira da su. Ranar 20 ga Janairun 1981 ya bar fadar White House, ya koma Plains ya tarar da kasuwancin gyaɗarsa cikin bashin sama da dala miliyan ɗaya, dole ya sayar. Yana da shekara 56.

A duba wannan lamba da kyau. A ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya, matsakaicin tsawon ran ɗan Najeriya bai kai 60 ba. Wato a shekarun da yawancinmu ke haɗa kayansu, a nan shi ya buɗe babin da ya zama mafi amfani a rayuwarsa, ya kuma yi kusan shekara 44 a cikinsa. Da an tsayar da numfashinsa a 1981, da abin da za a rubuta a kansa shi ne shugaban da mutanensa suka ƙi.

Ya koma allo. Daga 1982 ya zama malami a jami'ar Emory da ke Atlanta, yana shiga azuzuwa, yana zama da sababbin ɗalibai duk shekara su tambaye shi abin da suka ga dama. Amma karatun da aka fi saninsa da shi na ranar Lahadi ne, a wata 'yar majami'a mai suna Maranatha a Plains, garin da mutanensa ba su kai dubu ba. Tun yana ɗalibin soja yake koyar da littafin addininsu, bai bari ba ko yana shugaban ƙasa, da ya dawo gida kuma ya riƙe shi kusan shekara 40. Mutane kan zo daga ƙasashe su kwana cikin mota a harabar wurin don su samu kujera. Shi kuwa sai ya shigo, ya tambayi baƙi daga ina suke, ya buɗe darasi. In an tashi ya tsaya a ɗauke shi hoto da duk mai so. A wannan majami'ar in layi ya zo kansa shi ke yanke ciyawar harabar, kuma da hannunsa ya sassaƙa akusan katakon da ake zagawa da su karɓar baiko, domin kafinta ne na gaske.

Wata Lahadi a Disamban 2015 ya iso aji a makare, abin da ba halinsa ba ne. Ya ba jama'a haƙuri, ya shaida musu cewa jikansa ɗan shekara 28 ya rasu sa'o'i kaɗan da suka wuce. Sannan ya yi darasinsa. Tsoho mai shekara 91 da ciwon daji ya taɓa masa ƙwaƙwalwa yana tsaye, saurayin da ake sa ran zai ɗauki makararsa yana kwance.

Kafintancin nan shi ya kai shi ga ƙungiyar Habitat for Humanity, wadda aka kafa a 1976 a Americus, maƙwabtan Plains, don gina wa marasa galihu gidaje. Tsarinta kamar aikin gayya ne irin namu: jama'a su taru su ba da ƙarfinsu kyauta, mai gidan ma ya zuba guminsa tare da su, sannan ya riƙa biyan kuɗin kayan a hankali. A 1984 shi da Rosalynn suka hau bas tare da sauran 'yan sa-kai daga Jojiya zuwa New York don gyaran wani tsohon bene, suka kwana inda kowa ya kwana. Daga nan ya zama al'ada, duk shekara mako guda da guduma a hannu, har aka lissafa gidaje sama da 4,000 a ƙasashe 14 da suka sa hannu a ginawa ko gyarawa. A Oktoban 2019, yana da shekara 95, ya faɗi a gida ya fasa goshi, aka yi masa ɗinki 14. A ranar ya kama hanyar Nashville, washegari aka gan shi wurin gini da ido a kumbure ya yi baƙi, da bandeji a goshi, yana aiki.

Sai kurkunu. Yaran yanzu sunansa kawai suka sani, wasu ko sunan ba su taɓa ji ba, kuma wannan ita ce babbar shaidar aikin. Wanda ya tashi a karkara kafin shekarun 1990 ba sai an kwatanta masa ba. Mutum ya sha ruwan tafki ko kududdufi, a cikin ruwan akwai wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya cika gani, su kuma suna ɗauke da 'ya'yan tsutsar. Ya yi kusan shekara bai san komai ba, tana girma a jikinsa har ta kusa mita guda. Sai wata rana bororo ya taso, yawanci a ƙafa ko idon sawu, da zafi irin na ƙuna. Ya fashe, farin kanta ya leƙo. Ba allura, ba ƙwaya, ba rigakafi. Abin yi ɗaya ne: a samo tsinke, a naɗe abin da ya fito, gobe a ƙara jan ɗan kaɗan a naɗe, a ɗaure da tsumma, haka har makonni. In aka yi gaggawa ta tsinke a ciki, ƙafa ta kumbura ta yi ruwa, wani ya gurgunce ke nan. Mai ciwon kuma ba abin da yake so irin ya tsoma ƙafar a ruwa ya ji sanyi, da ya tsoma kuwa tsutsar ta zubar da dubban 'ya'yanta a tafkin da gari ke sha, an shirya na baɗi. A ƙasashenmu na bakin sahara da damina take fitowa, daidai lokacin shuka da noma. Magidanci na kwance a zaure yana kallon hadari, ciyawa na cinye gonarsa, yara sun daina zuwa makaranta, rumbu ya wayi gari ba komai.

A 1986, lokacin da cibiyar da Carter ya kafa ta ɗauki wannan yaƙi, an kiyasta mutum miliyan 3.5 ke kamuwa duk shekara a ƙasashe 21 na Afirka da Asiya. A 1988 ya je wani ƙauye kusa da Accra ya gani da idonsa. Ya ce ya hango wata matashiya ya zaci jariri ta rungume, da ya matsa ya ga ashe nononta ne ya kumbura, tsutsa na fita ta kansa. Binciken da aka yi a Najeriya a wannan lokaci ya gano sama da mutum 650,000 masu ciwon, babu ƙasar da ta kai ta a duniya. Cuta ce ta talakan da ke ƙarshen hanya, wadda ba ta zuwa birni balle ta dami masu mulki. Carter ya yi amfani da abin da ya rage masa, wato sunan tsohon shugaban Amurka, wanda ba fadar da za a hana shi shiga. Ya bi shugabanni yana tuna musu, ya roƙi kamfanoni suka ba da ƙyallen tace ruwa da maganin zubawa a tafki. A 1995 ya shawo kan masu yaƙi a Sudan suka tsagaita wuta na watanni don ma'aikatan lafiya su shiga ƙauyuka. A Najeriya ya jawo Janar Yakubu Gowon, wani tsohon sojan da shi ma mulki ya bari da sauran ƙarfinsa, wanda tun daga ƙarshen shekarun 1990 ya riƙa bin ƙauyuka da gidajen gwamnoni yana neman a haƙa rijiyoyin burtsatse. An ga mai kurkunu na ƙarshe a Najeriya a Nuwamban 2008, a jihar Inugu. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Najeriya da Nijar sun rabu da shi, Gana kuma a 2015.

A Agustan 2015 likitoci suka sami ciwon daji a hantarsa, da wasu ɗigo huɗu a ƙwaƙwalwa. Ya zauna gaban 'yan jarida cikin natsuwa ya yi bayani, ya ce da farko ya ɗauka makonni suka rage masa. Da aka tambaye shi abin da yake fatan gani kafin ya tafi, sai ya ce yana so kurkunu na ƙarshe ya riga shi mutuwa. Wani sabon magani ya karɓe shi, ya ƙara shekara tara. A Nuwamban 2019, makonni biyu bayan ya sake faɗuwa ya tsage ƙashin ƙugu, ya zo aji ya yi darasi a kan Annabi Ayuba, ya gaya wa masu sauraro cewa lokacin ciwon nan bai roƙi a bar shi da rai ba, ya roƙi a ba shi zuciyar da zai fuskanci mutuwa da ita, kuma ya samu.

Za a iya cewa, ai shi yana da suna, yana da fansho mai tsoka, yana da likitoci. Tsohon sojanmu da ke layin tantancewa da sandarsa, ko tsohon hedimasta da ya shekara yana jiran haƙƙinsa, da me zai yi aikin sa-kai? Wannan magana ce mai nauyi, ba kuma zan raina ta ba. Sai dai a tuna wa ya yi ainihin aikin kurkunu. Carter bai tace ruwan kowa ba. Waɗanda suka yi su ne dubban 'yan sa-kai na ƙauyuka, maza da mata, da dagaci ko mai unguwa ya nuna aka ba su ɗan horo. Mutum ya rataya jaka, ya bi gida gida yana raba ƙyalle, yana nuna wa matan gida yadda za su ɗaura shi a bakin tulu kafin su juye a randa, yana wanke ƙafar maƙwabcinsa mai wari ya naɗe masa, yana rubuta sunan duk wanda ta fito wa a littafi, yana tsare bakin tafki kada mai ciwo ya shiga, a zage shi ya haƙura. Da yawansu ba albashi, kuma bayan sun gama su ma gonarsu na jiransu. Da yawa cikinsu yau suna ƙarƙashin ƙasa, an sallace su a ƙofar gida, ba jarida, ba jawabi. Jikokinsu na shan ruwa ba fargaba, ba su ma san wa ya tsaya musu ba. Ni a wurina su ne suka fi cancanta a tuna, kuma su ne hujja a kanmu.

Domin mu abin da muka iya shi ne sai. Sai na yi ritaya zan koyar da yaran unguwa. Sai na gama ginin nan zan duba marayun yayana. Sai na aurar da 'yan matan nan zan shiga gyaran makabarta, zan je in shirya da ɗan'uwana da muka shekara biyar ba ma gaisawa. Wa ya sa mana hannu a takardar cewa za mu kai? Billy Carter bai ga 52 ba. Mu kanmu mun san tsararrakinmu da muka yi firamare tare, waɗanda sunayensu har yanzu suna cikin wayoyinmu mun kasa gogewa. Wanda kuma Allah ya ja kwanansa ya kai ritayar, sau da yawa yakan tarar ƙarfin ya tafi, ido ya yi rauni, gwiwa ta ƙi. Akwai malamai a garuruwanmu da suka yi shekara 35 suna riƙe da alli, akwai tsofaffin sojoji da suka san tsari da horo fiye da kowa a unguwa, ga kuma yara na gararamba a bakin titi ba mai zaunar da su ko na awa ɗaya. Ilimin nan in ba a juye shi ba, tare da mai shi za a naɗe a likkafani.

A Fabrairun 2023 Carter ya ce ya gaji da zaryar asibiti, a bar shi a gida a yi jinyarsa har lokaci ya yi. Gidan nan ne dai da suka gina a farkon shekarun 1960, bai sake wani ba. Kowa ya ɗauka kwanaki ne, sai ya yi wata 22. Cikinsu, ranar 19 ga Nuwamban 2023, Rosalynn ta rasu tana da shekara 96, bayan aure na shekara 77. Aka kawo shi wurin addu'arta a keken marasa lafiya, an lulluɓe masa ƙafafu, ya rame, baki a buɗe, ba ya iya jawabi. Wannan shi ne saurayin da ya ruga cikin injin nukiliya, shi ne wanda ya riƙe makaman da za su iya tashin duniya. Na kusa da shi sun ce ko a wannan kwanciya yakan tambayi adadin masu kurkunu. An binne shi a harabar gidan, kusa da matarsa.

Burinsa bai cika ba. A shekarar da ya rasu, mutanen da aka samu da kurkunu a duniya duka ba su kai 20 ba, daga miliyan 3.5, amma tsutsar tana nan. A shekarar ta fi ƙarfi a Chadi da Sudan ta Kudu, an kuma gan ta jikin dabbobi a Mali, Habasha, Angola da Kamaru. A Chadi tun 2012 aka gano ta koma jikin karnuka a garuruwan masunta na gaɓar kogin Chari, abin da ya mayar da aiki baya. Yanzu ana bin masunta ana roƙonsu su riƙa binne kayan cikin kifi, su ɗaure karnukansu kada su shiga ruwa, ana ba da tukuici ga wanda ya kawo labarin mai ciwo. Cuta ɗaya tak ɗan Adam ya taɓa shafewa daga jikin mutane a doron ƙasa, ita ce agana, a 1980. In kurkunu zai zama ta biyu, ƙa'ida ita ce sai ƙasa ta yi aƙalla shekara uku a jere ba a ga ko guda ba kafin a tabbatar mata. Da yawa cikin masu bin ƙauyukan Chari da jaka a kafaɗa yau ba a haife su ba a 1986 da aka fara, kuma su ke riƙe da littafin ƙidayar.